Kwanukan safiyar Kirsimeti a gidanmu

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu. Ni Bahaushiya ce, Kirista, haifaffiyar Wusasa da ke gefen Zariya, aure ya kawo ni Kaduna, yanzu har na soma ganin jikoki. Shaidata ta shafi shinkafa da kwanuka da ƙafafun yara, domin ta nan ne na fi ganin hannun Ubangiji a rayuwata. Mai neman labarin mu'ujiza irin wadda ake tsalle a kanta ya yi haƙuri da ni.

Wanda bai san Wusasa ba yakan yi mamaki in ya ji Bahaushe na cewa shi Kirista ne tun daga kakanni. Mishan ɗin da Likita Miller ya kafa a cikin birnin Zariya ne ya ƙaura zuwa can a 1929, aka gina majami'a da ƙasa irin ginin Hausa, da makaranta da asibiti. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma irin wannan tsohon bugun ne yake hannun mahaifina har ya koma ga Ubangiji. A garin ne Janar Yakubu Gowon ya tashi. Kakana neman magani ya kawo shi asibitin mishan, ya warke, ya ba da gaskiya, ya yi zamansa. 'Yan'uwansa kuwa suna nan a cikin birni da addininsu na Musulunci. Saboda haka mun tashi da Goggo mai azumi da tahajjudi, da Kawu mai zuwa tafsiri, kuma ba a taɓa ce mana su wasu ne daban ba.

Baba malamin firamare ne, albashin bai taka kara ya karya ba. Kullum tuwon dawa ne ko na masara da miyar kuka, shinkafa kuwa sai ranar biki. Abin da ke fid da mu kunya shi ne watanda. Tun daga Janairu shi da abokan aikinsa suke zuba ɗan abin da ya samu a ƙarshen kowane wata, ranar 24 ga Disamba a sayo sa, mahauci ya yanka, a kasa naman kashi-kashi a kan buhunan da aka shimfiɗa, kowa ya ga rabonsa da idonsa: tsoka, ƙashi, hanta, tumbi, har da ɗan yankin fata. Kajin da Mama ta kiwata kuma ba Baba ke yanka su ba. Da la'asar sakaliya za a aiki ɗayanmu gidan Malam, maƙwabcinmu mai almajirai, ya zo da wuƙarsa ya fuskanci gabas ya yi bisimilla ya yanka. Ina ƙarama na ɗauka Baba tsoron jini yake yi. Sai da na yi wayo na gane an yi haka ne don kowa a layin ya ci abincinmu hankalinsa kwance.

Daren jajibiri ba a barcin kirki. Ana suyar cincin a tsakar gida, ana ɓoye shi a babbar roba a bisa kabad inda hannu ba ya kaiwa. Mu 'yan mata an yi mana kitso tun da rana, kai na zugi, ƙafafu a ƙunshe da lalle cikin leda da tsumma, sanyi na ratsa mu. Yayanmu kuwa yana zaune a shagon tela yana gadin ɗinkinmu, don in ka matsa ko nan da can tela zai ajiye naka ya ɗauki na mai baki. Atamfa ɗaya Baba ke saya a yi mana anko mu duka, takalmi kuma sai an ƙara lamba don ya kai baɗi, a cusa takarda a gaba.

Baba ba shi da agogo mai ƙararrawa. Kiran assalatu daga masallacin bayan layinmu ke tashe shi, kowace rana ta Allah, ranar Kirsimeti ma haka. Sai ka ji ƙarar ashana, hasken fitilar ƙwai ya cika falo, sannan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana taɓa ƙafa. Duk wanda ya san hunturun Zariya ya san abin da ake nufi da a yaye wa yaro bargo a wannan lokacin. Mu fito muna karkarwa, kowa ƙudundune da mayafinsa, mu jeru a tabarma, Mama ta shigo tana warin hayaƙi don ita tun ɗazu ta hura wuta.

Waƙa ɗaya za a yi, a hankali, don kada a dami masu salla. Sannan Baba ya buɗe tsohon Littafinsa mai baƙin bango wanda Mama ta ɗinke gefensa da zaren kitso, ya karanta Luka sura 2 daga aya ta 1 zuwa ta 20: umarnin ƙidaya daga Kaisar Augustas, tafiyar Yusufu da Maryamu zuwa Baitalami, rashin wuri a masauki, jariri a komin dabbobi, da makiyayan da ke kwana a fili suna tsaron garkensu. Ba ya wa'azi. Tambayoyi ne da shi, kuma ba su taɓa canzawa ba.

"Wa aka fara gaya wa labarin?"

Mu haɗa baki: "Makiyaya!"

"Da suka ji sai suka ja bargo suka koma barci?"

"A'a, suka tashi suka tafi!"

"To, ku ma ku tashi."

Kafin mu tashin dai sai an yi addu'a, kuma addu'ar Baba ta ranar tana da tsawo. Zai ambaci kowa da sunansa, tun daga Goggo ta cikin birni har marasa lafiyar da ke kwance a asibiti, da shugabannin ƙasa ko yana jin haushinsu. Autanmu yakan yi barci a durƙushe, goshinsa a kan kujera, sai an ce Amin da ƙarfi ya zabura.

Daga nan aikin yara ya fara. Dokar Mama ita ce, ba wanda zai sa loma a baki a gidan nan sai kwanon ƙarshe ya fita. Ruwan zafi ko ɗan kunu za ka iya kurɓa, amma shinkafa da nama a'a. Kuma ba a sa sababbin kaya sai an gama aike, don ta san miya da atamfa ba sa shiri. Ga ta zaune a kujerar tsugunno gaban tukwane, samira da langa a jere sun kai bakin ƙofa, tana zuba shinkafa, ta kwarara miya, ta ɗora nama tana ƙirgawa a ranta, ta rufe, ta ƙulla cincin a leda ta aza a kan murfi. Ba ta rubuta komai, amma ba ta taɓa rikita kwanon wani da na wani ba. Ta san gidan da ke da mata biyu, dole kowacce da nata kwanon don kada a ja mata magana. Ta san tsohuwar da haƙoranta suka zube, a nata hanta ce da tsoka mai laushi.

Gidan Malam ne farko, babbar samira har da ta almajirai. Sai tsohuwar, sai sauran gidajen layi, Musulmi da Kirista, sai masu jinya da ke kwana a barandar asibiti waɗanda ba mu ma san su ba. Na Goggo kuwa yayanmu ke ɗaure shi a bayan keken Baba da tsohuwar robar taya ya nufi birni cikin hazo.

Har yanzu ina jin ɗumin gindin kwanon nan a tsakiyar kaina ta cikin gammo, ƙamshin miya na saukowa, ciki na kuka, faso na yi mini zafi a dugadugai. In ka isa sai ka tsaya a zaure ka yi sallama, a ce ka shigo, ka durƙusa ka gaida kowa, sannan ka faɗi abin da aka koya maka: "Wai in ji Mama, ga wannan, ba yawa." Matar gida ta ce, "Kai, madalla! Har an sauke? Allah ya maimaita mana. Ki ce ina gaishe ta da aiki." Sai ta kwance bakin zane ta ba ka tukwici, sule ko kwabo biyar, wani gidan kuma alewa ko gyaɗa. Kwanon yakan kwana biyu a can, kuma ba ya dawowa haka nan. Ko ɗan daddawa ko kuɓewa busasshiya sai an sako. Ranar Sallah kuma 'ya'yansu ne za su yi ta sallama a namu zauren da tuwon shinkafa da waina.

Ƙanena mai bi mini ya taɓa gwada dabara a hanya. Ya ɗaga murfi ya zare tsoka ɗaya ya gyara sauran. Abin da ya manta shi ne hunturu: dukanmu leɓunanmu sun bushe sun yi fari fat, shi kaɗai ya dawo nasa na ƙyalli. Mama ta dube shi ta ce, "Kai kuma wa ya shafa maka mai?" Ba ta doke shi ba. Naman da ke cikin rabonsa ta ɗauka ta sa a faranti ta ce ya koma ya cika musu. Yau shi ma da furfurarsa, amma in muka haɗu sai an tayar da zancen.

Sai an gama wannan duka a yi wanka da ruwan zafi, a goge kaushi da dutse, a mulke mu da basilin, a ci abinci da sauri, a sa anko a nufi sujada. A majami'a yaran makarantar Lahadi ke wasan haihuwar Yesu. Makiyaya su naɗa rawunan iyayensu su yafa bargo, wata shekarar har da ɗan rago na gaske wanda ya ƙi tsayawa inda aka ajiye shi. Zumuntar mata su fito da tulu da caki, a yi baiko, wato ba da sadaka a majami'a, ana rawa unguwa-unguwa. Da rana kuma mu bazama yawon Kirsimeti da tabaran roba da agogon da ba ya tafiya, ƙawayenmu Musulmi na biye da mu, kamar yadda mu ma muke bin su kallon hawan Sallah a birni.

A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, kafin a ankara ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da wasu garuruwa. An ƙona majami'u da yawa a Zariya. Ina 'yar budurwa lokacin, na ga manya na magana ƙasa-ƙasa, na ga mutanen da suka saba tsayawa su gaisa suna wuce juna da ɗaga hannu kawai. Da Disamba ta zo, wasu matan zumunta suka ce su kam bana tukunyarsu ta gidansu ce. Ban ga laifinsu ba, har yau kuma ban gani ba, don wasunsu sun yi asara da gaske. Baba ma ya so a rage. Na ji shi yana cewa, "Ki bari ƙura ta lafa tukuna, kada a wulaƙanta mini yara a ƙofar wani." Mama ta ce, "Malam, in muka fasa bana, baɗi da wane ido za mu fara?" Bai ƙara magana ba. Da la'asar ya aika a kira maƙwabcinmu ya zo da wuƙarsa.

Kwanukan sun fita. Yawancin gidajen sun karɓa, wasu ma da fara'ar da ta fi ta kullum, kai ka ce an sauke musu kaya. Gida ɗaya ne aka dawo da ni. Wani saurayi ɗan gidan, wanda da shi muke wasan ƙasa, ya tare ni a zaure ya ce in koma da shi, su ba sa cin abincin wannan ranar. Na juyo ina kuka, kwano a kai. Mama ta buɗe ta ga ko taɓawa ba a yi ba, ta rufe ta ce, "Share hawayenki, kai wa masu jinya." Gidan nan ba su sake karɓa ba, ita ma ba ta sake aikawa ba, don ta ce ba a tilasta wa mutum a kan addininsa. Amma da uwar yaron ta kwanta ciwo, Mama ce ta riƙa bi mata layin karɓar magani. Wannan abin bai taɓa gyaruwa yadda nake so ba, haka aka zauna da shi.

Na yi aure na tare a Tudun Wadan Kaduna, a gidan haya mai ɗakuna da yawa. Maigidana yana aiki a ɗaya daga masaƙun Kakuri. Ƙofa da ƙofa muke da wata Hajiya mai sayar da kayan miya, ta girme ni sosai, ita ta yi mini wankan jego da na haifi 'yar fari. Amarya take kirana, ko da na haihu ba ta canza ba. Na ci gaba da abin da na gada, sai dai a shekarun nan Kirsimeti yana faɗowa cikin azumi. Na 1999 ma haka, don haka ban aika da safe ba, na bari sai dab da magariba na kai mata da kaina a wata samira mai furanni, cikin kayan aurena, su yi buɗa-baki. Aka yi ƙaramar Sallah a farkon Janairu, ta aiko mana tuwo a nata kwanon, ta ce samirata tana nan, tana jiran abin kirki da za ta sako a ciki.

Ranar 21 ga Fabrairu, 2000, Kaduna ta kama da wuta a kan batun Shari'a. Ba zan ba da labarin kwanakin nan ba. Mun fita da rai, da goyo a bayana da kayan jikinmu, kuma mutanen gidanmu ba su cuce mu ba. Bayan wannan, da kuma na Nuwamba 2002, garin ya rabu gida biyu: Kiristoci suka yi ta tsallaka kogi zuwa Sabon Tasha da Narayi da Television da Romi, Musulmi suka koma Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Mu ma muka sami ɗaki a kudu.

Nan na ga wani abu da ban zata ba. Safiyar Kirsimeti kowa a layin yana dafa shinkafa iri ɗaya, ka aika wa maƙwabciya dafa-duka ta aiko maka da dafa-duka. Ba laifi ba ne, zumunci ne, amma ni dai sai na ji aiken ya rage nauyi. 'Ya'yana suna tasowa ba su san yadda ake tsayawa a zaure a yi sallama ba. Sai na soma neman waɗanda tukunya ba ta hau musu a ranar: mai shayin bakin titi, 'yan ga-ruwa, mai gyaran takalmi da ke yawo da akwatinsa, da wata gwauruwa mai marayu a bayanmu. Kaji kuma in kai wa mahauci a kasuwa ya yanka. Maigidana ya karɓi karatun Luka da tambayoyin Baba, har ya fi Baban iya jan murya.

Hajiya kuwa mun rabu ba sallama. Sai bayan wayar hannu ta yawaita muka yi kiciɓis a babbar kasuwa, muka rungume juna a tsakiyar masu tumatir, muka karɓi lambar juna. Daga nan sai gaisuwar Sallah da ta Kirsimeti a waya. Zumunci a ƙafa yake, amma gadar nan ta yi wa ƙafafunmu nisa.

A 2007 masaƙar da maigidana ke aiki ta rufe. Masaƙun Kaduna dama sun daɗe suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ga rashin wuta, ga atamfar waje mai araha da ta cika kasuwa, dubban magidanta suka koma gida. Kuɗin watanda da muka soma zubawa muka janye muka biya makarantar yara. Ranar jajibiri abin da ke gidan shi ne rabin mudun shinkafa, garin masara, ɗan manja a gindin kwalba da albasa. Na warware kalmasar kayan bara na sake ɗinkewa don su kai. A daren na yi addu'a, kuma ba addu'ar ladabi ba ce. Na ce, "Ya Uba, ni ban roƙe ka sa ba, ban roƙe ka atamfa ba. Amma yaran nan za su tambaye ni gobe, kai za ka ba su amsa."

Da asuba muka taru. Maigidana ya karanta har aya ta 20, ya yi tambaya ta farko, yara suka amsa. Ya yi ta biyu, suka amsa. Sai ya yi shiru yana kallon Littafin, ya kasa cewa su tashi. Ta tsakiyar ce ta ce, "Baba, ba ka ce mu tashi ba. Wa za mu fara kai wa?" Na miƙe na shiga kicin don kada su ga fuskata. Na dafa rabin mudun nan da manja da albasa da daddawa, na raba biyu, kwano ɗaya na gwauruwa, ɗaya na 'yan ga-ruwa, ko ƙashi babu a kai. Mu kuma na ɗora ruwan tuwo. Ba bangaskiya ce ta cika ni ba a lokacin, gaskiya kunyar 'ya'yana ce ta fi yawa, da muryar Mama da ke cewa in an fasa bana da wane ido za a fara baɗi.

Yaran na fita ke nan na ji ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofa, ana sallama irin ta zaure. Na leƙa na ga saurayi dogo da jamfa, ya rungumo buhu a hannu ɗaya, ɗaya hannun da ƙullin tsumma. Sai da ya durƙusa ya ce, "Ina kwana, Amarya," na gane ɗan Hajiya ne, wanda na bari yana firamare. A shekarar Babbar Sallah ta zo kwanaki kaɗan kafin Kirsimeti. Ya kwance tsumman, sai ga samirata mai furanni, gefenta ya ɗan ɓantare, cike da soyayyen naman layya har murfin bai rufu ba. Buhun kuma shinkafa ce da tattasai da tumatir. Ya ce, "Wai in ji Hajiya, ga kwanonku, ya daɗe a wurinmu, a yi haƙuri. Ta ce ba yawa."

Na tsaya riƙe da samira na rasa bakin magana. Na tambaye shi wa ya gaya mata halin da muke ciki. Ya ce ba kowa, a rediyo ta ji an rufe masaƙa, tun ranar take cewa ko yaya Amarya take ciki da yara. Da aka yi layya ta ware wannan ta hana kowa taɓawa. Kwatancen gidan ma a waya ta taɓa tambayata tun da daɗewa, na ɗauka hira ce. Na ɗauko 'yan canjin da na ajiye na baiko zan ba shi tukwici, ya ce Hajiya ta gargaɗe shi kada ya karɓi ko sisi. Maigidana ya raka shi har bakin titi, ya dawo ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, ya jima bai fito ba.

Da yaran suka dawo na sake ɗora tukunya, na kuma sake aikensu da nama gidajen nan biyu, da na mai shayi. Mun makara sujada a ranar, mun tarar har an gama wasan makiyaya. Wani zai ce ai rediyo ce da kirkin Hajiya. Haka ne, kirkinta ne, kuma ba zan rage mata ko kaɗan ba. Ni dai na san abin da na faɗa wa Ubangiji da dare, na kuma san wanda ya yi sallama da safe. Yabo ya tabbata ga sunansa. Wahalar ba ta ƙare a ranar ba, mun daɗe muna fama kafin maigidana ya sami abin yi, amma daga shekarar kowace Kirsimeti kwano ɗaya yana tsallaka gada, kowace Sallah ma haka, har Hajiya ta rasu. Na je gaisuwa na zauna cikin matan gidan, yanzu da surukarta muke yi.

Abubuwa sun canza da yawa. Tun bayan bam ɗin da ya tashi a cocin Katolika na Madalla ranar Kirsimetin 2011, sai an laluba mutum a ƙofar majami'a, an daɗe ma ba a barin mata su shiga da jaka, iyaye kuma ba sa sakin yara yawo yadda aka sake mu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kashin watanda ya ƙanƙance, shinkafa ta koma abin lissafi kamar zamanin Baba. Babbar 'yata tana aure a Abuja, a irin rukunin gidajen nan masu katanga da karnuka. Tana da bishiyar roba mai fitilu, tana naɗe wa yaranta kyauta a takarda mai ƙyalli, tana kai su ganin Fada Kirsimeti, ƙaramin ya tsala ihu da ya ga gemun auduga. Ban hana ba, na ma ji daɗin hotunan. Abin da na gaya mata shi ne, yaron da ya farka ranar haihuwar Almasihu yana tambayar me aka kawo masa, a koya masa ya tambayi wa zai kai wa. Ta ce ai tana aika wa masu gadi abinci. Na ce wa ke kaiwa? Ta ce direba, a robar nan da ake yarwa in an gama. Na ce to ai robar da ake yarwa ba ta sa kowa ya zo ƙofarki.

Bana sun ce a Kaduna za su yi bikin. Na riga na yi magana da mahauci, na fito da langunan na wanke, na ware ɗan ƙarami wanda jikana na fari zai iya ɗauka zuwa wurin mai shayi, autata na bin bayansa. Uwarsa ta yarda da aiken. Inda ba mu daidaita ba shi ne tana so ya je da sababbin kayansa don ta ɗauke shi a waya, ni kuma na ce a wannan gidan sai an gama aike ake sa kaya.